Sakatar Ciki

Tartsatsi ake ce masa, kuma ba don walda kaɗai ba. Walda dai ita ce sana'arsa tun gemu bai tsiro masa ba. Shagonsa na nan bakin titi tsakanin mai faci da mai gyaran firji, rumfar kwano ce da ƙofofi da tagogin ƙarfe jingine a bango suna jiran masu su. Amma waɗanda suka laƙaba masa sunan zuciyarsa suka duba. Gajere ne kakkaura, damatsansa duk tabon ƙuna, idanunsa kullum jajir saboda hasken wuta, hannunsa kuma ya fi bakinsa sauri. Kafin ka gama cewa ba haka kake nufi ba, ka riga ka ji a jikinka.

A wurin ubangidansa ya koyo. Shi wannan ubangida da guntun rodi yake koyar da aiki, in haɗin ƙarfe ya karkace sai ya sauke maka shi a ƙwauri. Har yau ƙafar Tartsatsi ta dama akwai wurin da ya lotsa, yatsa na iya shiga. Bai taɓa zagin mutumin ba, cewa yake dukan ne ya miƙar masa da hannu. Kuma a faɗi gaskiya, aikinsa ba ya karkacewa. Duk ƙofar da ya kafa sai ya ja baya ya bangaje ta da kafaɗa da iyakar ƙarfinsa, gidan ya amsa, sannan ya yarda ya gama. Ɓarawo in ya ga ƙofar Tartsatsi kallonta yake ya wuce gidan gaba.

Mai faci ya fi kowa sanin nauyin wannan hannu. Shekarun baya ya ratsa da tiyon iskarsa ta gaban shagon walda, Tartsatsi ya yi tuntuɓe da shi yana ɗauke da ƙyaure a ka. Ya sauke ƙyauren a hankali, ya jingine shi, ya je ya fasa wa mai faci hanci, jini har kan tayar mutane. Hancin ya warke a karkace, in mai shi ya yi numfashi da ƙarfi sai ya riƙa fito. Abin mamaki, tun daga ranar suka ƙulle, kwano ɗaya suke cin abincin rana, mai faci kuma yakan ce hancinsa ne kaɗai aikin Tartsatsi da ya fito a karkace.

A bakin titi irin wannan labari abin dariya ne. A gida kuwa babu mai dariya. Matarsa tela ce, da kekenta a ɗaki, ta yi haƙuri har haƙuri ya gaji da ita. Haƙorinta na gaba ya tafi a kan ruwan wanka da ya huce. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Mamana yake kiranta, kuma yana sonta, wannan ba ƙarya ba ne, sai dai irin son da ba ya hana hannu tashi. Yarinyar tana da wata ɗabi'a, in ya dawo ya ajiye baƙin gilashin da yake kare idonsa da shi sai ta ɗauka ta riƙa leƙen duniya ta ciki, ta kalli rana, ta kalli fitila, ta kalli fuskar uwarta tana dariya. Wata rana gilashin ya suɓuce mata ya fashe, ga shi yana da babban aiki washegari. Mari ɗaya ya yi mata a hagu. Ta tafi ta bugi ƙafar keken ɗinki, ba ta yi kuka ba, ta tsuguna ta dafe kunnen tana kallonsa, jini yana bi ta tsakanin yatsunta. Wannan kunne bai sake jin komai ba.

Gari na wayewa uwar ta ɗora kan keken a kanta, ta riƙe hannun 'yarta, suka tafi gidan yayanta. Tartsatsi ya farfasa duk abin da ya rage a ɗakin, har gadon da shi ya ƙera sai da ya lanƙwasa masa ƙafa. Daga nan ya koma kwana a ɗan ɗakin bayan shago, shi da kwalaben gas da gwangwanayen fenti, ya yi shekaru a haka, yana cin abincin saye yana faɗa da duk wanda ya taka inuwarsa.

Mamana da kanta ta dawo, bayan ta zama cikakkiyar budurwa tana aiki a wani shagon ɗaukar hoto. Da rana tsaka ya ɗaga gilashi daga fuskarsa ya ganta tsaye, ta ɗan karkato masa gefenta na dama don ta ji shi. Ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Mutumin da bai taɓa rasa abin yi da hannunsa ba, ranar ya rasa. Neman gafara bai iya ba, ba a koya masa ba. Sai ya cire rigarsa ya goge mata benci, ya sake gogewa, ya aika a sayo mata lemo mai sanyi, ya tsaya a kanta har ta shanye.

Ta ci gaba da zuwa jefi-jefi. A wani zuwan ta kawo masa waya mai babban gilashi, ta ce ya daina yawo da waccan da ake ɗaurewa da roba. Ta zauna ta buɗe masa shafuka huɗu a intanet, ta jera masa su a fuskar wayar yadda babban yatsansa mai kanta zai iya dannawa: na labarai, na zane-zanen masu fenti, na kiɗa, da na hotuna inda ita ma take ɗora nata. Ta ce in ya ji zuciyarsa ta taso ya shiga ɗaya ya zauna har ta kwanta. Mai faci ya yi dariya har hancinsa ya yi fito, ya ce an ba kura ajiyar carbi.

To amma abin ya kama shi. Kullum da safe kafin ya kunna inji sai ya zauna a kan juyayyen bokiti ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya sauya jerin. Labarai ne farko, a can yake cika ya batse. Yana karantawa a hankali da ƙarfi, yana tsine wa duk wanda aka ambata, masu mulki da masu adawa da su da wanda ya rubuta labarin. Sau ɗaya ya yi jifa da wayar ta tsage a kusurwa, abin ya dame shi ƙwarai, sai ya ƙera mata gida na ƙarfe. Wayar ta daina kama komai. Da mai gyaran firji ya gaya masa dalili ya kusa shan duka, amma dai aka cire gidan.

Shafin zane shi ne mai huce shi. Bai san sunan ko mai zane ɗaya ba, ba kuma ruwansa. Yakan daɗe a kan hoton wani kwale-kwale da aka jawo kan yashi, ko wani tsoho da barci ya ɗauke a kujera takalmansa a gefe. Sai dai duk zanen da aka sa shinge ko ƙofa ko matakala ta ƙarfe, nan idonsa yake tsayawa, ya manta da mutanen da ke ciki, ya buɗa hoton da yatsu biyu yana cewa wannan mai zanen bai taɓa ganin yadda ake haɗa ƙarfe ba. A shafin kiɗa kuwa irin wanda babu waƙa a ciki yake so, tsirkiya kawai tana kuka. Ranar farko tare suka saurara da Mamana, ta sa abin ji ɗaya a kunnenta na dama ta miƙa masa ɗayan, ta ce ya riƙe, ita ba ta da inda za ta sa shi. Ba da gori ta faɗa ba. Da ma gorin ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Shafin hotuna yake barin ƙarshe, don a nan Mamansa take. 'Yan dako a bakin kasuwa, tsohuwa tana dariya ba haƙori, ruwan sama kwance a titi da inuwar motar haya a cikinsa ƙafa sama, duk inda ta bi sai ta ɗauko wani abu. Ta nuna masa 'yar alamar zuciya da ake dannawa in abu ya burge mutum. Shi ke nan, Tartsatsi ya samu hanyar faɗin abin da bakinsa ya kasa. Da ya ga sabon hoto daga gare ta, tun bai gama buɗewa ba ya danna.

Da ta kawo mijin da take so, wani mai kantin magani, Tartsatsi ya ji daɗi har ransa. Yaro ne mai sanyin murya, rigarsa kullum a goge, in zai gaishe shi har ƙasa yake kaiwa, Baba kaza, Baba kaza. Abin da ya burge Tartsatsi shi ne babu ta inda suka yi kama. Mai faci ne kawai ya taɓe baki ya ce shi fa lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi yake gani, Tartsatsi ya nuna masa guduma, mai faci ya koma kan tayoyinsa.

Gudummawar uba ita ce ƙofa da ƙarafunan taga. Ma'auratan sun kama ɗaki da falo a saman wani bene, can ƙarshen dogon baranda, ya je ya auna da kansa. Bai taɓa yin aiki irin wannan ba. Farantin ƙarfe mai kauri ya sa, ya yi wa tagogin ganye da furanni na rodi, ya goge sakatar ciki har yatsa ɗaya ke tura ta. Da ya kafa ya bangaji ƙofar, maƙwabta suka fito suna tambayar me ya faɗi.

Bayan 'yan watanni surukin ya zo shago, ya durƙusa, ya ce ɓarayi sun fara damun benen, yana so a sa maƙalin kwado ta waje, a rufe shi da akwatin ƙarfe yadda ba mai iya yanke kwadon. Sannan, cikin jin nauyi, kamar ba ya son faɗa, ya ce sakatar nan ta ciki tana cijewa, ranar nan ma Mamana ta daɗe tana fama ba ta buɗu ba. Kai, ina wuta Tartsatsi ya jefa kansa! Sakatarsa ce ke cijewa? Nan take ya kwashi kayan aiki. Aka ce masa ita ta je duba uwarta. Ya tura sakatar da yatsa, ta tafi sumul, amma zuciya ta riga ta hau, ya ce tunda an ce tana cijewa ba za ta kwana a jikin ƙofarsa ba. Ya datse ta da injin yanka, ya yi jifa da ita ta taga, ya ce zai kawo wadda ta fi ta. Ya haɗa maƙalin da akwatinsa, haɗin da ko shi sai ya yi da gaske. Sabuwar sakatar ya ƙera ta a makon, amma duk sanda ya ce zai zo ya sa sai surukin ya ce ba gaggawa, Baba, sai an samu lokaci. Ta zauna rataye a ƙusa a bangon shago.

Mamana ta daina zuwa. Aka ce ta bar aiki, mijin ya ce ta huta. In ya kira wayarta, ko mijin ya ɗauka ya ce tana barci, ko ita ta ce lafiya lau, Baba, lafiya lau, ta kashe. Bai damu ba, tunda hotuna suna zuwa, kuma irin waɗanda suka fi kowanne faranta masa rai. Tagarsa take ɗauka. Ga furannin rodi da hasken safe a bayansu, ga inuwarsu kwance a ƙasan falo da rana, ga su da ɗigon ruwa a jiki, ga ƙofar daga ciki da ɗan haske a ƙarƙashinta. Tartsatsi ya ce 'yarsa ta san darajar aikin ubanta. Ya riƙa bin mutane da wayar yana nuna musu, dubi haɗin nan, nemo mini inda ya karkace. Har aiki ya samu da hotunan nan. Kowanne ya danna masa zuciya.

Wata safiya ya zauna a kan bokitinsa ya buɗe labarai, ya ci karo da labarin gobara a wata ƙasa mai nisa. Miji ya kulle matarsa ta waje ya tafi aiki, wuta ta tashi, maƙwabta suka yi ta dukan ƙofar ƙarfe suna jin muryarta har ta daina. Tartsatsi ya tsine wa mijin, ya tsine wa maƙwabtan, ya ce da shi ne a wurin da haƙori zai ɓalle ƙofar. Mai faci ya taso jin abin da ya faru ya tsaya a bayansa. Tartsatsi ya shiga zane bai huce ba, ya shiga kiɗa ya fito, ya kai ga hotuna. Akwai sabo. Ya danna zuciya, sannan ya duba.

Ƙofar ce daga ciki, daidai inda ya datse sakata, tabon yana ƙyalli. An ɗora hannu a wurin. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi, wuyan hannun kuma ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa.

Mai faci ya ce, a hankali, "Wai ni, yaushe rabon yarinyar nan da ta ɗauki hoton wani abu a waje?"

Tartsatsi ya shiga jan hotunan baya. Taga, taga, ƙofa, taga, inuwa, ƙofa. Ya yi ta ja, kowane hoto da jar zuciyarsa a ƙarƙashi. A wani ya ga fasasshen faranti a gefen inuwar, a wani ya ga labule a yage, a wani ɗigon da ya ɗauka tsatsa ce har ya ji haushin fentinsa, ashe jini ne. Duk suna nan tun da daɗewa, shi ne bai gani ba, haɗin ƙarfe yake kallo. Hoton waje na ƙarshe, wata mai sayar da lemo ce a bakin titi, kuma an ɗora shi kafin ranar da ya je ya sa maƙalin kwado. Ya miƙe ya shaƙe wuyan mai faci, don hannunsa bai san wani abin yi ba, sai kuma ya sake shi ya ce ya tayar da babur.

Suka isa rana ta take, da injin yanka da nannaɗaɗɗiyar wayar wuta da guduma. Kwado yana cikin akwatinsa. Ya buga ƙofar ya kira Mamana, shiru, sai da ya tuna da kunnenta ya ɗaga murya. Daga can ciki ta ce ya tafi, don Allah ya tafi, yanzu mijin zai dawo cin abinci. Wata maƙwabciya ta leƙo da goyo, ta ce su dai suna ji, kusan kullum suna ji, sai mijin ya ƙure rediyo, kuma ya gaya musu matar tasa tana da taɓin hankali shi ya sa yake kulle ta. Tartsatsi ya yi kanta, mai faci ya shiga tsakani ya tuna masa a ɗakinta za su ja wuta.

Ya kunna inji ya sa wa akwatin. Tartsatsin wuta ya cika barandar, ƙara ta fito da duk mutanen benen. Ƙofar kuwa ta ƙi. Ai shi ya yi ta, kuma ya yi ta ne don kada a iya. Faifan yankan ya tarwatse, ɓari ɗaya ya tsaga masa gira, jini ya rufe masa ido, ya share da kafaɗa ya sa wani faifan. Yana yanka yana zagin ƙarfen, yana zagin wanda ya sayar masa da shi, yana zagin hannun da ya haɗa. Da ƙyar ya cire gefe ɗaya na akwatin ya faɗi ƙasa yana hayaƙi, sai injin ya mutu a hannunsa.

Surukin ne ya fizge wayar wutar. Yana tsaye da rigarsa a goge da leda a hannu, ya ce Baba lafiya, ai da an kira shi da ya zo ya buɗe, me ya yi zafi haka a gaban mutane. Tartsatsi ya miƙa hannu ya ce makulli. Surukin ya ce matarsa ce, kuma tsakanin miji da mata sai Allah. Tartsatsi ya sake cewa makulli. Sai yaron ya matso, ya rage murya yadda su biyu kawai za su ji.

"Baba, ni fa ba ni na fara ba. Hannunka na tarar a jikinta."

Yana faɗa ya sunkuya ya suri guntun ƙarfen da ya faɗi, da zafinsa, ya rafka wa Tartsatsi a gefen kai. Wani da ya sha wannan da ya kwanta. Tartsatsi ya yi taga-taga, ya dawo ya sa masa goshi a baki, ya damƙi ƙeyarsa ya haɗa fuskar da ƙofar. Ƙofar ta amsa. Ya sake, ya sake, fenti ya yi ja, haƙora suka zubo a siminti. Mai faci ya rungumo shi ta baya ya sha gwiwar hannu a wannan hancin dai, ya koma gefe yana tarar jini. Mata suna salati, yara suna kuka, ba wanda ya kuma matsowa. Makullin ya faɗo daga aljihun surukin, maƙwabciyar ta ja shi da ƙafa ta ɗauka, ta lallaɓa ta zura hannu a cikin akwatin.

Tartsatsi bai gani ba. Ya riga ya kayar da mutumin ya danne ƙirjinsa da gwiwa, ya shimfiɗa hannunsa na dama a ƙasa, ya jawo guduma. Sau ɗaya ya sauke ta, ƙarar da ƙashin ya yi kowa a barandar ya ji. Mai sanyin murya ya kurma ihun da ba a san yana da shi ba. Tartsatsi ya sake ɗaga gudumar, wannan karon saitin kai, kuma wallahi da niyyar gamawa ya ɗaga. Sai ƙofar ta buɗe a gabansa.

Tana tsugune a bakin ƙofar, ta rame ta fige, ido ɗaya a rufe da kumburi, karyayyen hannun a kan cinyarta. Da mai lafiyar ta dafe kunnenta na hagu. Ba mijin take kallo ba. Ubanta take kallo, irin kallon da ta yi masa a gindin keken ɗinki. Gudumar ta yi masa nauyi, ya sauke ta a gefe, ya ja jiki ya sauka daga kan mutumin.

Ya ce me ya sa ba ta gaya masa ba.

Ta ce, "Na gaya maka, Baba. Yana karanta duk abin da na rubuta, yana sauraren duk wanda na kira, hoto ne kawai bai ɗauka a bakin komai ba. Kullum ina gaya maka. Kai kuma kana danna mini zuciya."

Ya miƙa hannu zai taɓa kumatunta, hannun duk jini. Ta kauce ta ƙanƙame kanta. Maƙwabciyar ce ta ɗaga ta, mai faci ya sauka ya tsayar da mota, suka wuce da ita asibiti ta gabansa. Shi yana zaune a barandar har 'yan sanda suka zo, kuma a karon farko a rayuwarsa aka kama hannunsa bai fizge ba.

Ya yi 'yan makonni a tsare. Mutanen benen da suka yi shiru a da, yanzu bakinsu ya buɗe, suka ba da shaida, aka sake shi. Auren ya mutu, hannun mai kantin magani bai sake riƙe cokali daidai ba, Mamana ta koma wurin uwarta. Tartsatsi ya dawo shago da ɗinki a gira da wani a gefen kai. Da safe yana zama a kan bokitin kamar da, sai dai yanzu shafin hotuna yake fara buɗewa. Babu sabo. Tsofaffin yake bi, ɗaya-ɗaya, yana duba kowace kusurwa har wayar ta mutu, kuma kullum sai ya ga abin da bai gani ba jiya. Ya so ya je gidan, kunya da tsoro suka hana shi, shi da bai san tsoro ba.

Saƙo ya zo ta bakin mai faci. Uwar yarinyar ta ce Mamana ba ta iya barci, ɗakin da take ba shi da abin rufewa ta ciki, in yana da sakata ya kawo. Ya ciro wadda ke rataye a ƙusa, ya goge ta, ya shafa mata mai, ya yi wanka ya sa rigar da babu ƙuna a jiki.

Tsohuwar matarsa ce ta buɗe masa. Ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, gurbin haƙorin yana nan, ta nuna masa ɗakin ta koma kan kekenta. Mamana tana zaune a bakin gado da hannu a ɗaure, ta gaishe shi, ya amsa. Ƙofar katako ce, ba ta buƙatar walda. Ya auna tsayin da hannunta mai lafiya zai kai ba wahala, ya huda, ya ɗaura ƙusoshin a hankali, yana yi yana jan aikin don kada ya ƙare. Da ya ƙare ya ce bari ya fita ta gwada.

Ya fita, ta turo ƙofar. Ya ji sakatar ta shige sumul, ko ƙara ba ta yi ba.

"Ta yi, Baba."

Ya tsaya yana jira ta buɗe. Keken ɗinki yana ta tafiya a ɗayan ɗakin.

"Ta yi. Na gode. Ka gaida gida."

Ƙafarsa ta ja baya da kanta, kafaɗarsa ta juyo ta saita ƙofar, yadda ta saba tun yana yaron shago. Sai ya ga inuwar ƙafafunta a ƙarƙashin ƙofar, tana tsaye dab da katakon, ya san abin da ƙarar za ta yi mata. Ya sauke kafaɗar. Ya tsuguna ya tattara kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali yadda ba za su yi ƙara ba, ya share garin katakon da tafin hannunsa, ya fita bai gwada ba.